Malam Kasafi da Gidajensa Uku

Mijin yayata ne, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. Shekara ashirin da biyu ina kallonsa, tun ranar da ya fara zuwa gidanmu wajen yayar tawa, Anti, da lemo guda uku a leda. Ya sha ɗaya, ya ba ta ɗaya, ya koma gida da na ukun.

Sunan Malam Kasafi a wurin aiki ya samo shi. Ma'ajin sito ne a wani kamfani mai sayar da tayil da fenti. Shekara goma sha tara ya yi a kan kujera ɗaya, cikin wani ɗan kejin gilashi a bakin ƙofar sito, makullai a ƙugu, biro biyu a aljihu, shuɗi da ja. Duk wanda ya zo masa da buƙata, ko tsintsiya ce masu shara suke nema, amsarsa ɗaya ce: "Babu shi a kasafi." Leburori suka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Har gyara wa mutum yake yi idan ya manta bai sa "Malam" ɗin ba.

Tsakani da Allah ba ɓarawo ba ne. Ban taɓa jin an ce ƙusa ɗaya ta ɓata a hannunsa ba. Ciwonsa shi ne ya yarda cewa duk abin da ya rubuta a takarda, duniya ba ta da zaɓi sai ta bi. A gida ma haka yake. Ya san kwanakin da sabulu zai yi, idan ya ƙare kafin ranar sai an yi zama an gano wanda ya yi wanka sau biyu. Anti mace ce mai haƙuri har ya yi mata yawa. Idan na fara yi mata mita sai ta ce, "Auta, ai ba ya sha, ba ya yawo." Kamar rashin shaye-shaye wani abinci ne da za a zuba wa yara a kwano.

Da wannan matsi ya tara abin da yake kira "gidajena uku". Na farko shi ne wanda suke zaune, ɗaki uku da falo. Na biyu gidan haya ne a bayan tashar mota, ɗaki shida, banɗaki biyu, famfo ɗaya a tsakar gida, da shago a gaba. A shagon nan nake ɗinki, kuma kada ku zaci zaman alfarma nake yi. Ranar ɗaya ga wata nake biya kamar kowa, ya yago mini rasit da sa hannu. Na ukun kuwa kango ne a bayan gari. Bulo ya kai saman taga ya tsaya, babu rufi, babu ƙofa, awakin unguwa ne ke wuni a ciki. Amma a bakin Malam gida ne. Idan ana hira a taro sai ya san yadda ya yi ya kawo maganar "wahalar mai gida uku".

Tafiyar ta zo ne ta hannun wani tsohon manajansu da ya koma ƙasar waje, ya samo masa aiki a wani katafaren sito a can, bizar har da iyali. Daga ranar da takardar ta iso Malam ya daina amsa sallama da sauri. Sai ya ɗan jinkirta, kamar mai tuno sunan mutum.

Wata Asabar da yamma ya tara mu a falo: Anti, 'ya'yansu biyu, da ni. Ya sa aka kashe fanka don kada takardu su tashi. Ya raba mana kwafi ɗai-ɗai, ya ce a mayar masa idan an gama, ya gyara tabarau, ya fara karatu muna ta gumi.

A takarda lissafin ya yi kyau, wannan kam na ba shi. Ɗaki shida, ya ƙara wa kowanne kashi ɗaya cikin uku na haya, ya ninka sau goma sha biyu. Shagona ma bai tsira ba. Gidan zama za a ba da shi haya gaba ɗaya. Kuɗin nan duka, idan aka canza su zuwa kuɗin can, za su biya hayar inda za su zauna. Albashinsa ba za a taɓa ba sai na abinci, sauran a tara. Da abin da aka tara za a rufe kango cikin shekara guda a zuba 'yan haya. Har ya rubuta hayar kangon a shafi na biyu, kamar mutanen sun riga sun shigo da katifunsu.

Babbar 'yarsu, wadda take gab da gama sakandare a lokacin, ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Baba, idan wani ya tashi, ɗaki ya yi wata biyu babu kowa fa?"

"A bayan tasha? Ɗaki ba ya kwana babu mutum a can. Sauke hannunki."

Ni kuma ina bin layukan da yatsa har na iso inda aka rubuta gyare-gyare. Sifili ne a gabansa.

"Malam, nan an manta ba a cike ba."

"Ba mantuwa ba ce, Auta. Na duba littafina na shekara goma sha huɗu, gidan nan bai taɓa cin ko sisi na gyara ba. Ginin kirki ne. Ni na tsaya a kansa da kaina."

A ƙasansa akwai wani layin, mai kula da gidaje. Shi ma sifili.

"Wannan kuma wane bawan Allah ne zai yi aikin sifili?"

Ya dube ni ta saman tabarau yana murmushi. "Ke mana. Ba a gidan kike wuni ba? Karɓa ce kawai da turawa. Yanzu har sai an biya ƙanwa kafin ta riƙe wa yayarta amana?"

Na kalli Anti. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen zaninta. Don ita na amince, kuma amincewar nan ta ci mini kuɗi daga baya.

Abu ɗaya tak Anti ta roƙa a zaman. Ta ce a bar mata ƙaramin ɗakin baya a kulle, ta zuba gadonta da kwanukanta da akwatin hotuna da keken ɗinkin marigayiya mahaifiyarmu.

"Ɗaki kuɗi ne," in ji Malam. "Gida mai ɗaki uku da mai ɗaki biyu ba farashinsu ɗaya ba. A kai kayan sabon gida."

Sabon gida shi ne kango. Ya sa aka kafa wa ɗaki ɗaya ƙofar ƙarfe, aka jera tsofaffin kwano a sama aka danne da duwatsu. Na ce a ba ni keken in ajiye a shago, ya ce kayan gida ba a rarraba su, lissafi zai rikice. Ya rufe da kwaɗo ya jefa makullin a aljihu.

To bari in gaya muku dalilin da ya sa gidan haya bai taɓa cin kuɗin gyara ba. A ɗakin ƙarshe, kusa da tankin ruwa, akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Famfo. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse neman abinci, shekararsa goma sha huɗu a ɗakin nan. Idan famfo ya fara ɗiga, kafin mutanen gida su lura ya canza roba. Injin jan ruwa kuwa ya san tarinsa kamar na jikansa. Kafin damina ya kan hau rufi da kwalta a gwangwani, ya toshe ramukan ƙusa, ya kwashe ganyen da ya cika indararo. Bai taɓa kai wa Malam takardar kuɗi ba. Idan na ce, "Baba, ka riƙa gaya masa mana," sai ya ce, "'Yata, a nan nake kwana. Idan ya zuba, a kaina zai zuba." Laifinsa ɗaya, hayarsa ta kan makara kwana biyar, wani lokaci goma. Wannan kam yana cikin littafin Malam, da jan biro.

Da takardar ƙarin haya ta iso, Baba ya tare shi a ƙofar shagona ya rage murya.

"Maigida, ƙarin nan ya fi ƙarfina. A bar ni a tsohon farashi, ni kuma gidan yana hannuna har ku dawo, yadda aka saba."

"Yadda aka saba makara?" in ji Malam. "Baba, ni da lamba nake aiki. Sau talatin da ɗaya ka makara. Mutum huɗu ne a layi suna jiran ɗakin nan."

Na tsayar da keke na leƙo. "Malam, ka kuwa san wanda yake gyara injin ruwan nan?"

"Inji mai kyau na saya, ba ya lalacewa. Auta, ji da ɗinkinki."

Baba ya juya ya koma ɗakinsa. Ƙarshen wata ya ɗora kayansa a ƙaramar motar kaya, ya share ɗakin tas, ya kawo mini makulli. Kafin ya hau mota ya ja ni bayan tanki ya nuna mini wani tsohon kan famfo. "Wannan a hankali ake murɗa shi, ya tsufa. Ki gaya wa wanda zai shigo." Daga nan ya tafi wajen ɗansa a wani gari.

Gidan zama mutum biyu suka nema. Akwai wani ma'aikacin asibiti da matarsa da jaririnsu, masu son biyan wata shida-shida. Sai kuma wani da dillali ya kawo, mai agogo ruwan zinare da turare mai hawa kai, ya ce shekara biyu zai biya a dunƙule har da ɗan ƙari. Na tambaye shi iyalinsa nawa. Ya ce suna nan tafe, da yawa. Na ce wa Malam mutumin nan bai kwanta mini ba. Ya ce ba kwanciya ake nema ba, tikitin jirgi na mutum huɗu ake nema. Ya ba mai agogon gidan. Yarjejeniyar ma da kansa ya rubuta ta, shafi goma sha ɗaya, don kada ya biya lauya.

Suka tafi. Ni da Anti muka yi kukanmu a filin jirgi, shi kuma yana tsaye yana maimaita mini ranakun da zan riƙa turo rahoto.

Wata biyu aka yi lafiya. A na uku, saurayin da ya shiga ɗakin Baba, wanda na gaya wa maganar kan famfon har sau biyu, ya sa ƙarfi ya murɗe shi ya karye. Tanki ya tsiyaye, inji ya yi ta ja babu ruwa har ya ƙone. Na kira mai gyara ya faɗi kuɗinsa, na tura wa Malam. Ya ce ya yi tsada, in nemo mutum uku kowa ya rubuto nasa farashin, in ɗauki hoton injin ta gaba da ta baya, in yi bidiyo ina kunna shi don ya ji da kunnensa cewa ba ya tashi. Na bar ɗinkin mutane na yi duk wannan. Kwana goma sha tara yana kwatanta takardu uku. Kafin ya zaɓi mafi araha, kayan gyaran sun ƙara kuɗi.

Duk kwanakin nan 'yan haya sayen ruwa suke yi. Wata malamar firamare da ke riƙe da ɗaki biyu ita da 'ya'yanta, wadda ba ta taɓa makara ba, ta zo shagona ta ce, "Tela, ba da ke nake ba. Amma ba zan biya ƙari in kuma sayi ruwan wanke banɗaki ba." Ta tashi. Mutum huɗun nan da ke layi na neme su sama da ƙasa ban ga ko ɗaya ba. Masu zuwa duba ɗaki su kan murɗa famfo su ji iska, su tambayi farashi, su ce za su dawo.

Sai damina ta sauka. Babu wanda ya hau rufi, indararo ya toshe, ruwa ya bi bango ya shiga. Wata safiya silin ɗaki na huɗu ya rufto a kan talabijin ɗin wani direba. Allah ya sa yaransa sun tafi makaranta. Direban ya ce ba zai ƙara biyan haya ba sai kuɗin talabijin ɗinsa ya fita, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗaki shida suka koma uku masu biya.

Kullum da safe, kafin in buɗe shago, saƙon muryar Malam yana jirana a waya, minti bakwai, minti tara. "Auta, ki duba shafi na ɗaya, layi na huɗu. Abin da ya kamata ya shigo ke nan. Abin da kika turo bai kai rabi ba. Ina son bayani." Sai in ajiye wayar a kan teburin yanka in bar shi yana yi wa almakashi bayani.

Ana cikin haka maƙwabciyarsu ta gidan zama ta kira ni ta ce in zo in ga ikon Allah. Tun daga kwanar layin wari ya tare ni. Na tura ƙofa na tarar an zuba garin katako a falon da Anti take gogewa sau biyu a rana. Kaji ne fal, farare, har ba wurin sa ƙafa. Ɗakunan kwana uku duk 'yan tsaki ne da fitilu a rataye a kansu, kicin ya koma rumbun abincin kaji. Iyalin nasa ke nan, kuma da gaske suna da yawa.

Mai agogon ya fito yana goge hannu, ko kunya babu. Na ce wannan wane irin cin mutunci ne. Ya shiga ya ɗauko yarjejeniya. "Hajiya, karanta da kanki. An ce kada in buga ƙusa a bango, ban buga ba. An ce kada in sa wani ɗan haya, ban sa ba. Nuna mini inda aka ce kada kaji." Na karanta shafi goma sha ɗayan nan a tsaye ina toshe hanci. Har adadin ƙwayayen lantarkin gidan an rubuta, amma babu inda aka ce gidan na zaman mutane ne. Mutumin ya ce idan ana so ya tashi a yau, a mayar masa da kuɗinsa na sauran watanni. Kuɗin kuwa tuni jirgi ya tashi da su.

A can ma lissafi ya ƙi. Darajar kuɗin ƙasarmu ta yi ta faɗuwa, har ya zama abin da nake turawa na wata guda, idan aka canza shi, da ƙyar yake biyan kuɗin ɗumama ɗaki, balle haya. Wannan ba daga bakin Malam na ji ba. Shi hotuna yake turo wa dangi, yana jingine da motocin mutane, yana ce wa abokansa ai shi ne mai kula da sashe guda. Anti ce ta gaya mini. Matar da ba ta taɓa aikin albashi ba ta samu aiki a ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi, bas biyu take hawa kafin ta isa. A lokacin hutunta na rabin awa take kirana, ina jin ƙarar injinan wanki a bayanta.

"Auta, kada ki nuna masa na faɗa miki. Babu wani sashe. A tsaye yake wuni yana haska wa kwalaye na'ura, ko makulli ɗaya ba a ba shi ba. Albashina ne ke biyan haya."

"To me ya hana shi ya sassauta farashin ɗakunan nan a samu mutane?"

"Ya ce idan ya rage, kasafi ya rushe."

"Anti, kasafin da silin ya riga ya faɗo masa a ka?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, sai aka kira ta ta kashe.

A wata na goma sha huɗu ya kira ni ta bidiyo. Yana zaune a wani ɗan kicin da bai kai shagona ba, takardunsa a gaba, biro ja a hannu.

"Auta, na yi lissafi sau uku. Akwai giɓi. Kuɗi kuma ba su da ƙafa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Malam, me kake nufi?"

"Ban ce komai ba. Na ce akwai giɓi, kuma mutum ɗaya ne yake karɓa."

Na jawo ledar rasit na zazzage a kan tebur, na riƙa ɗaga masa ɗaya bayan ɗaya. Na inji, na silin, na mai yashe ramin bayan gida, wanda daga aljihuna na biya shi saboda wari ya fara korar mini masu kawo ɗinki. Ya matso da fuskarsa kusa da waya, ya yi tsaki.

"Rasit ai kowa na iya rubutawa."

Sai na ji muryar Anti daga bayansa, da ƙarfin da ban taɓa sanin tana da shi ba. "Baban yara, ka ji tsoron Allah! Ƙanwata ce fa!"

Ni kuwa na riga na cika. Na ce, "Malam, shekara ɗaya da wata biyu ina yi maka gadi da dako da karɓar zagi a kyauta, ina kuma biyanka hayar shago har da ƙari. Wanda yake riƙe maka gidan nan ka kore shi saboda kwana biyar. Ka zuba kaji a ɗakin yayata. Ba ni na ci kuɗinka ba, ba su taɓa wanzuwa ba sai a takardarka. Gobe ka faɗi wanda zan ba makullai."

Dillalin nan ya ce in ba, wanda ya kawo mai kaji. Shi kashi goma cikin ɗari yake yanka, kuma ba ya ɗaga waya sai ya ga dama. Na kwashe kekunana na kama wani shago kusa da kasuwa. Shagon Malam ya yi wata bakwai a rufe.

Daga nan abubuwa suka yi ta gangarawa. Bashin haya ya taru musu a can, dole ya sa kango a kasuwa. Dillali ya san a matse yake, ya sayar da shi a farashin fili, kamar babu bulo ko ɗaya a kai. Ranar da mai saye zai fasa kwaɗon ɗakin kaya aka kira ni. Iska ta daɗe da yaye rabin kwanon. Katifa ta ruɓe, gara ta cinye gado har sai da ƙafafunsa suka zube da aka taɓa, hotuna sun manne da juna sun zama dunƙule ɗaya. Keken mahaifiyarmu ya yi tsatsa jawur. Na kai shi wajen masu gyara biyu, kowa ya ce sai dai ado.

Na kira Anti na nuna mata. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To. Na gani." A satin ta buɗe asusun banki da sunanta ita kaɗai.

A shekara ta uku kwantiragin Malam ya ƙare, ba a sabunta ba. Baya ya fara damunsa, ga shi kullum cikin gardama da shugabarsa, yarinyar da ya haifi kamarta, yana koya mata yadda ake tsara sito. Kafin lokacin Anti ta zama mai kula da ɗakin wankin, wurin aikinta ya tsaya mata ta samu takardar zama ta kanta, babbar 'yarsu ta shiga makarantar koyon jinya, ƙaramin yana sakandare. Malam ya ce kowa ya haɗa kaya a koma gida. Anti ta ce, "Ka yi gaba, Baban yara. Ka gyara mana wurin zama tukuna." Ita ta saya masa tikiti.

Ya dawo shi kaɗai da akwati biyu. Mai kaji ya riga ya tashi, ya bar tayil a farfashe da bango ya yi baƙi har tsayin gwiwa. Sau uku aka wanke gidan da magani, amma da zarar hadari ya haɗu warin sai ya taso daga ƙasa. Babu mai son haya, don haka shi yake zaune a ciki, a falo, da katifa ɗaya da tukunyar gas. Gidan bayan tasha ana gyara shi kaɗan-kaɗan da kuɗin da Anti ke turowa, kuma kai tsaye take tura wa magini, ba ta hannun Malam suke bi ba. Yana zuwa ya tsaya a kan ma'aikata yana ƙirga buhunan siminti, su kuma suna aikinsu kamar babu kowa a wurin.

Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Watannin baya dai ya shigo sabon shagona da rana tsaka, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana rungume da wata ƙatuwar rigar sanyi mai kauri kamar bargo. Akwai mata uku a zaune suna jiran awo. Kafin in gama amsa gaisuwarsa ya ji ɗaya tana cewa mijinta yana neman biza, sai ya ja kujera.

"Baiwar Allah, ki ce ya zo ya same ni. Tafiya waje tsari take so. Mutanenmu ba su iya lissafi ba, shi ya sa suke shan wahala. Ni da kike gani, kafin in tafi sai da na zauna na tsara komai."

Matar ta ce, "Allah sarki, Baba, to me ya dawo da kai?"

"Harkokin gidaje," in ji shi. "Ba a barin su a hannun mutane."

Allura ce a bakina, ita ta taimake shi. Na cire ta na ce me ke tafe da shi. Ya shimfiɗa rigar a kan tebur ya ce so yake in farke ta in fitar da ƙananan riguna biyu na yara, ya ji ana sayensu da daraja, yadin na waje ne. Na duba, na faɗa masa kuɗin aiki, daidai yadda zan faɗa wa kowa. Ya zaro ido.

"Haba Auta. Tsakaninmu?"

"Tsakaninmu, Malam. Rabi yanzu, rabi idan ka zo karɓa."

Ya laluba aljihu, ya ce bai fito da shiri ba, zai je ya duba ya dawo. Ya bar rigar. Matan suka bi shi da kallo har ya tsallaka titi, ɗaya ta tambaye ni ko wane ne. Na ce mijin yayata ne, na ce ta ɗaga hannu in auna.

Rigar tana nan a saman kabad. Magen shagon maƙwabcina ta gano ta, a kanta ta haihu satin jiya, 'ya'ya huɗu.